Ina so in gina wa ɗalibanmu na Madina manhajar tsara karatu: daga ina zan fara?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina shekara ta biyu. Lokacin hutu na ɗan koyi rubuta manhajar waya da Flutter. Abin da ke damuna shi ne yadda karatu ke cakuɗe mana, ni da abokaina Hausawa: ga muhadara, ga bahasi, ga hadda, ga darussan Harami, sai jarrabawa ta matso duk mu rikice. Na sauke manhajojin tsara lokaci har uku, babu wadda na yi wata guda da ita. Ina so in gina tamu. Me zan sa a ciki, kuma daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Ka tambayi abu biyu, me za a sa a ciki da kuma inda za a fara, amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka shi ne maganar manhajoji ukun da ka sauke ka watsar. Rabin amsarka tana wurin. Idan ka gano abin da ya sa ka daina buɗe su, ka gano abin da taka za ta kauce wa. Idan ba ka gano ba, taka ce za ta zama ta huɗu, kuma kai da ka gina ta za ka riga kowa mantawa da ita.

Ni ma ta hanyar nan na biyo. A ƙasar nan na yi karatu, yanzu ina Jidda ina rubuta manhajoji a wani kamfani, kuma tun ina ɗalibi na gina wa abokan ɗakina irin abin da kake nufi. Ta farkon ba ta yi rai ba. Na cika ta da kaya: maki ga wanda ya gama aiki, zanen da ke nuna ci gaba, launuka kala-kala. Cikin mako na uku na lura babu mai buɗe ta. Wata rana bayan Isha'i muna zaune a sakan, wato gidan kwanan ɗalibai, ana shan shayi, na matsa wa wani abokina, mutumin Damagaram, ya faɗa mini gaskiya. Bai ce komai ba, ya buɗe wayar ya miƙo mini. Shafin farko jawur yake daga sama har ƙasa, ayyukan da lokacinsu ya wuce ne jere, wasu tun makon farko. Ya ce, "Malam, duk sanda na buɗe ta sai gabana ya faɗi. Ni kuwa ban sauke ta don ta riƙa yi mini gori ba." Daga ranar na sake tunani gaba ɗaya, kuma mafi yawan abin da zan faɗa maka daga wannan zaman ya samo tushe.

Ranar ɗalibin Madina da salla ake auna ta

Manhajojin da ka sauke an gina su ne ga mutumin da ranarsa ke tafiya da agogo, wanda ƙarfe tara ɗinsa na Janairu ita ce ƙarfe tara ɗinsa ta Yuni. Kai kuwa saurari yadda kuke magana a sakan. Babu mai cewa zai yi bita ƙarfe huɗu da rabi. Cewa ake "bayan La'asar", "tsakanin Magariba da Isha'i", "in an sallame Asuba". Darussan Masallacin Annabi ma haka malamai ke sanya su. Su kuwa waɗannan lokuta tafiya suke yi. A Madina alfijir na ketowa wajen ƙarfe huɗu a tsakiyar zafi, a tsakiyar sanyi kuwa sai kusan shida saura kwata. Magariba ma tana matsawa fiye da awa ɗaya da rabi tsakanin Disamba da Yuni. Ɗalibin da ya rubuta "hadda, ƙarfe biyar na asuba" a farkon zango, kafin zangon ya ƙare wannan lokacin ya faɗa cikin salla ko ya bar ta a baya, shi kuma ba zai zauna yana gyara agogo kowane mako ba. Barin manhajar zai yi.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda na fi riƙe wa da ƙarfi, ita ce ka raba ranar gida biyar, kowane gida daga salla zuwa salla. Ɗalibi ya jefa aiki cikin gida, manhaja kuma ta lissafa masa mintoci nawa ne a cikin gidan a ranar, bayan ta cire muhadara da lokacin tafiya masallaci. Lissafin ba wuya gare shi ba. Tsarin Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya yana sanya Asuba lokacin da rana ke ƙasa da sararin gabas da digiri 18.5, Isha'i kuma minti 90 bayan Magariba, a Ramadan minti 120. Akwai ɗakin lambobi na kyauta, wato shiryayyen aikin da za ka ɗora a cikin manhajarka, mai suna Adhan da ke yin wannan lissafi a cikin wayar ba tare da intanet ba, kuma akwai nau'insa da ke aiki da Flutter. Kada ka ɓata lokaci kana rubuta naka.

Muhadarorin jami'a dai da agogo suke tafiya, don haka dole manhajar ta iya riƙe nau'i biyu: abin da ke rataye da ƙarfe kaza, da abin da ke rataye da salla kaza. Ka yanke wannan tun ranar da za ka tsara rumbun bayananka, domin sauya shi daga baya aiki ne ja.

Akwai wani ƙaramin abu a nan da ya taɓa ba ni wahala. Kwamfuta tana juya rana ƙarfe sha biyun dare. Ɗalibin da ke kan littafi ƙarfe ɗayan dare kuwa a wurinsa yau ba ta ƙare ba, sai ya duba waya ya ga an mayar da aikin da ke hannunsa cikin na jiya da bai yi ba. Ka sa ranar manhajar ta riƙa juyawa da Asuba. Ka kuma tuna cewa a lissafin Hijira dare ne ke gaba da yini, malami in ya ce daren Alhamis, yammacin Laraba yake nufi. In ka nuna kwanan wata na Hijira da dare, ka san wanne kake nunawa.

Aiki iri uku ne, kada ka zuba su kwando ɗaya

Lissafin da ka yi a tambayarka ya riga ya raba su. Muhadara da darasin Harami suna da lokacinsu, halarta kawai ake yi. Bahasi da shirin jarrabawa suna da ranar ƙarshe, amma babu wanda ya sanya maka lokacin yinsu. Hadda da muraja'a kuwa ba su da ranar ƙarewa, kullum ne. Manhajar da ta ɗauki ukun nan a matsayin abu ɗaya, layi da akwatin da za a buga wa alama, ita ce ke haifar da jan shafin da abokina ya nuna mini.

Na farkon ba shi da wuya, jadawali ne na mako da ke maimaita kansa. Ka dai tuna mako a nan Lahadi yake farawa, hutu Juma'a da Asabar ne tun 2013, kuma wasu kalandun da za ka samu a shirye suna zaton Litinin ce farko, Asabar da Lahadi hutu. Kada kuma ka ɗaure manhajar da cewa zango biyu ne a shekara ko uku. Mun ga yadda aka kawo tsarin zango uku a makarantun ƙasar nan a 2021, jami'o'i da dama suka bi, daga baya aka koma biyu. Bari ɗalibi ya shigar da ranar farawa da ta ƙarewa da kansa. Ka ba shi damar ajiye jadawali na biyu don Ramadan, tunda lokutan aji suna sauyawa, ya danna sau ɗaya ya koma kansa, bayan Salla ya dawo kan na da.

Na biyun ne inda manhajarka za ta yi amfani ko ta rasa shi. Malami ya ce a kawo bahasi mai shafi ashirin nan da mako biyar. Ɗalibi ya rubuta "bahasi" da ranar miƙawa, hankalinsa ya kwanta kamar ya yi wani abu. Mako huɗu kalmar tana zaune a wurin ba ta motsi, domin babu wanda zai iya zama bayan La'asar ya "yi bahasi". Abin da mutum zai iya yi shi ne ya je laburare ya ɗauko littattafai uku, ko ya rubuta gabatarwa, ko ya tace hadisan babi na farko. Don haka duk aikin da ke da ranar ƙarshe, manhajar ta yi wa mai shigar da shi tambaya ɗaya nan take: mene ne matakin farko, kuma bayan wace salla za ka yi shi? In ya gama wannan, ta tambaye shi na gaba. Ba sai ya tsara matakai goma tun farko ba, zai gaji kafin ya kai na huɗu.

Ka kuma sani ɗan Adam ba ya iya kintacen lokacin da aiki zai ci masa, kullum ragewa yake yi. An auna wannan. A wani bincike da aka wallafa a 1994 a Kanada, an tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe kwana nawa za su gama rubutun kammala karatunsu. Matsakaicin abin da suka faɗa kusan kwana 34 ne, abin da ya ci musu kuwa kusan kwana 55. Abin da na yi a tawa ta biyu shi ne, in mutum ya gama aiki sai ta tambaye shi minti nawa ya ɗauka, ta kwatanta da abin da ya kintata. Bayan mako biyu ko uku sai ta fara ce masa, kai in ka ce awa ɗaya, yawanci awa ɗaya da rabi kake yi. Mutane sun fi yarda da wannan a kan kowace nasiha, saboda daga aikinsu ta fito. Da wannan lissafin ne kuma za ta iya ƙirgo kwanaki daga ranar jarrabawa ta dawo baya, ta nuna wa ɗalibi tun da sauran mako uku cewa gidajen da suka rage masa ba za su ɗauki babukan da suka rage ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma sai mutum ya ga ranar tafiyar tana matsowa a idonsa sannan yake neman wuƙa.

Na ukun kuwa ka taka a hankali. Za ka ji masu shirya manhajoji suna yabon bita mai tazara, wato maimaita abu ana ƙara nisan kwanaki tsakanin bita da bita, kuma gaskiya ne tana aiki. Tun 1885 Bajamushen nan Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sannan zubewar ta ragu, kuma kowace bita tana tsawaita zamansa. A kan wannan aka gina Anki, manhajar bita da katuna, wadda ta fito a 2006. Ga 'yan'uwanmu da ke Ma'ahadin koyon Larabci suna fama da sababbin kalmomi, Anki ta wadatar, ka nuna musu ita kawai, kada ka sake gina ta. Amma haddar Alƙur'ani da ta matani suna da tsarinsu da ya girmi waya. Mai hadda ya san yana da ƙarin yau, yana da na kusa da yake maimaitawa kullum, yana da tilawar nesa da yake zagayawa, kuma malaminsa ne ke yanke masa gwargwado. Manhajar da za ta ce masa yau ka karanta shafi na 212, gobe ka tsallaka na 87, ta wargaza masa jeri, alhali jerin nan shi ne ƙashin bayan haddar. Aikinka a nan ƙirge ne kawai. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, juzu'i kusan shafi ashirin. Ɗalibi ya faɗa shafi nawa yake tilawa a rana, manhaja ta riƙe masa inda ya tsaya, ta nuna masa ranar da zai sauke. Ka bar masa zaɓin ƙirge da izu da sumuni, domin da yawa daga cikinmu da su muka tashi a gida. In ya tsallake kwana ɗaya, ya ci gaba daga inda yake, babu bashi.

Wannan maganar bashi ita ce gyaran da na fi alfahari da shi. A tawa ta biyu na cire jan launi gaba ɗaya. Aikin da bai samu ba jiya, da safe manhajar za ta kawo shi sau ɗaya ta ce: yau, wata rana, ko a bar shi? Shafin farko kuma ba ya nuna komai sai gidan da ake ciki da na gabansa, abu uku ko huɗu. Mai son ganin mako duka ya shiga ciki ya gani. Abokin nan nawa ya yi amfani da ita har ya kammala.

Kalanda, harshe, da wayar da ke aljihun ɗalibi

Sanarwar jami'a takan zo da kwanan watan Hijira, tikitin jirgi da saƙon gida kuma da na Miladiyya. Ka ajiye kowace rana a rumbu da Miladiyya, ka nuna duka biyun a fuska. Wajen juyawa ka tabbata kalandar Ummul Ƙura kake amfani da ita, domin akwai wata ta lissafi zalla da takan saɓa mata da kwana ɗaya ko biyu. Ita kanta Ummul Ƙura, shigar Ramadan da Shawwal da Zulhajji da ganin wata ake tabbatar da su, don haka ka sa wurin da mutum zai ƙara ko ya rage kwana ɗaya da hannunsa. Sai bambancin agogo: Saudiyya na gaba da Najeriya da Nijar da awa biyu, tana gaba da Sudan da awa ɗaya. Aikin da za a rufe karɓarsa ta intanet ƙarfe 11:59 na dare a nan, wanda ya je gida Kano 9:59 ne a wurinsa. Ranar ƙarshe ka ɗaure ta da agogon Riyad, ka nuna wa mutum da agogon inda yake.

Harshe zai ba ka aiki fiye da yadda kake zato. Ɗalibanmu za su rubuta sunan darasi da Larabci, bayaninsa da Hausa, a layi guda, ɗaya na tafiya dama zuwa hagu ɗaya hagu zuwa dama. Ka gwada irin wannan layi tun makon farko, da lambobi a tsakiya, ka ga inda ya karkace. Wajen nema kuma ka sa manhajar ta ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ a matsayin ɗaya, tunda ba kowa ke da haruffa masu lanƙwasa a allon wayarsa ba, ta kuma daidaita 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar. A Larabci ta yi watsi da wasula da bambancin alif mai hamza da marar ita.

Ka gina ta yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba, komai a cikin wayar, a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke zama a cikin waya. Kada ka nemi a buɗe asusu, kada ka nemi lambar igama, wato katin izinin zama a ƙasar, kuma ko da wasa kada ka karɓi kalmar sirrin shafin jami'ar wani da sunan za ka ɗebo masa jadawali. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumbar 2023, kuma mafi sauƙin hanyar zama lafiya da ita ga ɗalibi irinka shi ne kada bayanan kowa su zo hannunka. Ka sa maɓalli ɗaya da zai fitar da komai a fayil, mutum ya tura wa kansa ta WhatsApp, in waya ta ɓata a cunkoson Harami ya dawo da kayansa. Wannan fayil ɗin zai warware maka wata matsalar ma. Shigar da jadawalin zango shi ne wurin da mutane suka fi gajiya su fasa. In mutum ɗaya a aji ya shigar, ya tura wa sauran, sai kowa ya fara da manhaja a cike.

Tunatarwa kuma kaɗan ta fi yawa amfani. Ɗaya bayan kowace salla da kamar rubu'in awa, in akwai abu a gidan, shi ke nan. Kada ta yi ƙara lokacin da mutane ke cikin sahu. Daga Android 13 sai mai waya ya ba da izini kafin manhaja ta aiko masa sanarwa, kuma wasu wayoyin suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tsimin batir. Ka gwada a kan wayoyin abokanka masu araha, ka bar su kwana biyu ba a taɓa manhajar ba, ka ga ko tunatarwar ta iso.

Inda za ka fara

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka samu abokai biyar ko shida, ka ba kowa takarda bakwai, kowace an ninke ta gida biyar, an rubuta Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i a bakin kowane ninki. Kowane dare ya rubuta abin da zai yi gobe a kowane gida, washegari ya ja layi a kan wanda ya samu. Ranar Juma'a ka karɓe su ka baza a kan katifa ka duba. Lokacin da na yi wannan na ga abin da ban yi tsammani ba: gidan bayan Azahar kusan kowa ya cika shi da buri, kuma kusan babu wanda ya ja layi a ciki, domin an dawo daga aji a gajiye, ga rana, ga abinci, barci ake yi. Gidan Asuba kuwa, da mutane suka fi bari fayau, ɗan abin da aka rubuta a ciki duk an yi shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, takardun abokanka za su nuna maka naku.

Bayan nan ka gina ƙaramar farko: jadawalin mako, gidaje biyar, aiki mai mataki na gaba, ƙirgen tilawa. Hira tsakanin ɗalibai, gasar maki, mataimaki mai basirar kwamfuta, duk ka rubuta su a wata takarda ka ajiye, taura biyu ba ta taunuwa, balle kai da ke da naka karatun. Flutter ɗin da ka koya ta isa.

Abin da na gwada a kan samari marasa aure da ke kwana a sakan na gwada shi. Magidancin da ke haya a gari yana kai yara makaranta, ko 'yar'uwarmu da ke karatu tana riƙe da gida, ranarsu ta sha bamban da tamu, in kana so ta yi musu aiki sai su ma sun cike takardun. Kuma akwai ɗalibin da matsalarsa ta wuce tsara lokaci: Larabcin ne bai zauna masa ba, ko kewar gida ce ta danne shi, ko damuwar abin da zai aika wa iyaye. Wannan ɗan'uwa yake buƙata ya zauna da shi, manhaja ba za ta kai can ba.

In ta kai ga sakawa a Play Store, rajistar dala 25 ce sau ɗaya, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwaji na kwana 14 da aƙalla mutum 12 kafin a bar shi ya sake ta ga jama'a. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cikas, 'yan ajinku sun ishe ka. Ka fara gwajin a mako na biyu ko na uku na zango, lokacin da bahasi ya fara sauka, kuma a ƙarshen kwanakin kada ka tambaye su ko ta yi kyau, domin don kunya kowa zai ce ta yi. Ka roƙi kowa ya buɗe ta a gabanka, ka duba ranar da ya shigar da abu na ƙarshe. Wanda ya daina tun kwana na biyar, shi za ka saya wa shayi ku zauna.